MiFi ko rauta mai sim: wacce ta dace da gida a Kaduna?

Hajiya, barka da war haka. Na ga tambayar da kika jefo a zaure: gidanku a Kinkinau, ɗaki huɗu da falo, mutum takwas masu waya, ga talabijin da yara ke kallon YouTube a kai, ke kuma cinikin atamfa da leshinki duk ta WhatsApp yake tafiya. Kin gaji da raba wa mutanen gida data daga wayarki, kina son sanin wadda za ki saya tsakanin MiFi, 'yar ƙaramar nan ta aljihu, da rauta mai sim wadda ake girkewa a kan tebur. Kin ce kuma wani mai shago a titin Ahmadu Bello ya dage sai kin ɗauki mai 5G.

Ga gida irin naku, rauta ce. Amma kada ki zare ko sisi tukuna, don akwai abin da ya fi zaɓen na'ura muhimmanci, kuma mai shago ba zai tayar miki da maganarsa ba tunda ba shi yake sayarwa ba.

Duka biyun ba sa ƙirƙirar sabis. Daga ƙarfen sabis na unguwa suke ɗauko shi su watsa a cikin gida. Famfo ne kawai: in bututu ya bushe, ko na zinare kika sa ba zai ɗiga ba. Saboda haka sim ake fara zaɓa, sannan a nemo akwatin da zai ɗauke shi. Ki ari na MTN, na Airtel da na Glo, ki sa a waya ɗaya bi da bi, ki tsaya daidai inda kike tunanin ajiye na'urar, ki buɗe fast.com ko manhajar Speedtest. Gwajin safe yaudara ne. Ki bari sai bayan isha'i zuwa wajen sha ɗayan dare, lokacin da unguwa kakaf ta hau intanet, don ƙarfe ɗaya jama'a ke rabawa. A wurare masu cinkoso irin Tudun Wada, Rigasa da Kinkinau ɗinku, sabis ɗin da ke gudu da hantsi yakan koma rarrafe da dare. Shi ya sa shawarar ƙawarki ta Malali ko ta Barnawa ba za ta tsinana miki komai ba. Gani ya kori ji, ki gwada a ɗakinki.

Lamba biyu za ki duba. Ta farko saurin saukewa: Netflix da kansu megabit 5 a daƙiƙa suka ce ya isa kallon bidiyo mai kyan 1080p, 15 kuma ga 4K, to in kin samu 15 zuwa 20 tsayayye da dare, a ganina ya ɗauki gidanku. Ta biyu saurin turawa, wadda kusan kowa ke mantawa da ita, alhali ke ita ce jarinki. Duk bidiyon leshin da kika ɗora, duk hoton da kika aika wa mai saye, ta nan yake bi. Sim ɗin da ke saukewa da 30 amma yana turawa da 1 ba naki ba ne.

To, MiFi. Babban abin da take da shi batir ne a cikinta, kuma a garin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ɗauke wuta, ita ko a jikinta, sai ta yi awa huɗu zuwa shida, manyan ma su wuce haka. Tana shiga jaka, ki je da ita kasuwar Gumi, ki hau jirgin Rigasa da ita zuwa Abuja. Ga sauƙin kuɗi. Ga ɗalibi mai ɗaki ɗaya ko ango da amarya, ban ga dalilin wuce ta ba.

Inda take gazawa shi ne daidai inda kike buƙata. Eriyarta 'yar mitsitsiya ce, wajen kamo sabis da wajen watsa Wi-Fi duka. Bangon bulo ɗaya takan ratsa, na biyu ta fara nishi, ɗakin ƙurya kuwa sai dai labari. Yawancinsu na'ura goma zuwa sha shida aka rubuta a kwali, amma tun kafin a kai can take zafi. Ba ta da ramin jona waya zuwa talabijin. Sannan da zarar ta zama ta gida, za a bar ta a caji dare da rana, kuma batir irin nata ba ya son haka, balle a zafin Maris da Afrilu. Shi ne za ki ga murfin baya ya ɗago, batir ya kumbura. Akwai ma matsalar da ba ta na'ura ba: duk wanda zai fita sai ya jefa ta aljihu, gida ya zauna shiru har ya dawo.

Rauta mai sim ta gyara duk waɗannan. Eriyarta ta fi girma, wasu har da wurin ɗaura eriyar waje a kan rufi in sabis bai shigowa ciki sosai, abin da ke ceton mutanen bayan gari irin su Rigachikun da sababbin unguwannin Millennium City. Tana da ramukan waya a baya, tana ɗaukar na'ura 32 ko fiye a rubuce, kuma an ƙera ta ne don ta kwana a kunne. Rauninta ɗaya, wuta. Galibinsu ba batir, ana ɗaukewa ta mutu, in an kawo kuma sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta tashi ta kamo sabis. Mai taron Zoom ya san zafin wannan.

Maganin ba ya buƙatar inbata. Ki juya cajar rautar, za ki ga an rubuta volt 12 da amfiya 1 a yawancinsu, wato iyakarta watt 12, abin da take ci a zahiri kuwa kusan rabin haka ne. Akwai 'yar ƙaramar UPS, wato batirin ajiyar wuta, da ake yi musamman don rauta, tsakanin soket da na'urar ake sa ta. Wadda aka rubuta mata 10,000mAh, in da gaske ne, tana riƙe da abin da ya kai watt 37 na awa guda. A raba shi shida, a cire ɗan abin da ke zubewa wajen juya wuta, awa huɗu zuwa biyar ke nan. In kuna da sola, magana ta ƙare, don ƙwan fitila ɗaya ya kusa kai ta ci. Ki dai tabbata volt ɗin ya dace, don wasu rautoci na 9 ne, kuma bakin wayar ya shiga daidai. Da damina in hadari ya haɗo da tsawa, a zare ta daga bango ta ci gaba a kan batir.

Yanzu cikin rautocin kansu. Akwai wadda kamfanin layi ke sayarwa, akwai buɗaɗɗiya irin ta TP-Link ko Huawei da ke karɓar kowane sim. Ta kamfani ta fi araha nesa ba kusa ba, takan zo da kyautar data, kuma tsarin datar da ake yi wa sim ɗinta yakan fi na waya sauƙi a kan kowane giga. Sai dai a kulle take, sim ɗin wani ba ya aiki. In gwajinki ya nuna kamfani ɗaya ya tsere wa saura da tazara, ki ɗauki tasu hankali kwance. In biyu suka zo kusa da juna, ni buɗaɗɗiya zan saya ko da ta ninka kuɗi, don sabis ba ya zama yadda aka bar shi: yau a ƙara ƙarfe a unguwa, gobe a yanke waya wajen aikin titi. Farashi ma haka; a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Mai buɗaɗɗiya sim kawai zai canza. Masu gyaran waya za su ce miki suna buɗe kullallun, kuma wasu sukan buɗu, amma waranti ya tafi ke nan, wata kuma daga nan ba ta sake tashi.

In buɗaɗɗiyar za ki saya, ki karanta bayan kwali. Ki nemi lambobin zangon sabis da take iya kamawa: 3, 7, 20 da 28, wato megahaz 1800, 2600, 800 da 700, waɗanda 4G ɗin ƙasar nan ke yawo a kansu. Na 28 shi aka fi sanin Glo da shi, kuma shi ne ke yawan ɓacewa a rautocin hannu da aka kwaso daga Turai. Ko suna ɗaya ne, bugun wata ƙasa kan bambanta da na wata. Ƙananan lambobin nan, 700 da 800, su suka fi ratsa bango da cin nisa, manyan kuma su suka fi gudu. Sai kuma abin da ake rubutawa Cat 4 ko Cat 6, wato matakin gudun na'urar. TL-MR6400 ta TP-Link da B311 ta Huawei duk Cat 4 ne, iyakarsu megabit 150 a rubuce. Archer MR600 Cat 6 ce, B535 kuma Cat 7, suna kai 300. Ba wanda zai ga 300 a Kinkinau, amma ba nan amfanin yake ba. Masu Cat 6 suna iya kama zango biyu a lokaci ɗaya su haɗe, in ƙarfen unguwar yana ba da damar haka, kuma da dare lokacin cinkoso ake ganin bambancin.

Maganar 5G ta mai shago kuwa, abu biyu ne ake cakuɗawa, wasu da gangan. Akwai 5G na kamfanin layi, wanda MTN ta fara a 2022, Airtel a 2023, a kan zangon gigahaz 3.5. Yana gudu ƙwarai, amma ba ya cin nisa kuma bango na dakushe shi, don haka tsibiri-tsibiri yake, ba ya lulluɓe gari. Ki nemi mai wayar 5G ya shigo falonku. In alamar ba ta tsaya cak ba, rautar 5G za ta koma 4G ne kawai, kin biya kuɗi mai yawa, ga ƙarin cin wuta da zafi. In ta tsaya, to ki shirya wa data, don YouTube da ya ga hanya a buɗe yake ɗaga kyan hoto da kansa. Sai kuma 5GHz da ake bugawa a kwali, wanda ba ruwansa da sim, zango ne na Wi-Fi a cikin gida. Ɗan'uwansa na 2.4GHz ya fi kai wa ɗakin ƙurya, amma hanyoyi uku kacal gare shi da ba sa hawa kan juna, 1, 6 da 11, kuma duk maƙwabta a nan suke turereniya. Na 5 ya fi gudu, ba cinkoso, sai dai bai cika wuce ɗaki ɗaya ko biyu ba. Rauta mai duka biyun ta fi. MR6400 da B311 na 2.4 kaɗai gare su.

Ki yi hattara da wata rauta mai eriya huɗu tsaye, mai kyan gani da sauƙin kuɗi, irin Archer C6. Na'ura ce mai kyau, amma ba ta da wurin sim sam, sai an jono mata intanet ta igiyar waya. Amfaninta a gidanku shi ne in sashen maigida na ƙetaren tsakar gida, ko kuna da bene mai rufin kankare da rodi, wanda Wi-Fi ba ya jituwa da shi. Sai a ja waya daga babbar rauta zuwa can, tana kai mita 100 ba tare da raguwa ba, a sa wannan a ƙarshenta. Ya fi 'yan na'urorin ƙara zango da ake cusawa a soket, waɗanda kan raba saurin biyu. Ita babbar kuma a ɗora ta sama, kusa da tagar da sabis ya fi ƙarfi, kada a ɓoye ta bayan talabijin ko cikin kabad don kwalliyar falo.

Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ba na gidanku ba ne. Yana da tsada, babban farantinsa na cin watt 75 zuwa 100, ruwan sama mai ƙarfi na katse shi. Na mai gona ne a hanyar Kachia inda ba ƙarfen sabis. Wayar faiba kuwa in ta iso ƙofar gidanku ta fi duk abin da na lissafa, kuma da akwatinsu suke zuwa. Ki tambayi maƙwabcin da ke da ita kwana nawa suke ɗauka su gyara in ta tsinke.

Duk tsarin da aka ce miki "ba iyaka", ki tambayi giga nawa za ki ci kafin a rage gudu, kuma zuwa nawa ake ragewa. Ran da kuka kunna, a canza kalmar sirri biyu: ta Wi-Fi, da ta shiga cikin rautar kanta, wadda a Huawei ake samu a 192.168.8.1. A saitin tsaron Wi-Fi a zaɓi WPA2 ko WPA3, a kashe WPS, mai bari a hau ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Wayoyin Android na yanzu suna nuna kalmar sirri a hoton QR, yaro ɗaya ya isa ya raba wa duk samarin ƙofar gida, don haka a buɗe wa baƙi nasu Wi-Fi daban, a riƙa leƙa jerin waɗanda ke kai.

In kuɗin bai kai ga duka ba, gara Cat 4 da 'yar UPS a kan Cat 6 da za ta riƙa mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ran sayayya ki tafi da sim ɗinki biyu masu rajistar NIN, a sa su ɗaya bayan ɗaya a gabanki, ki ga kowanne ya kama 4G. Ki duba cajar ta asali ce, a rubuta miki lambar jikin na'urar a rasit, ki kuma nemi alkawarin canji in kin kai gida ba ta kama ba.