Wuni guda a tudun Dybbøl, inda Denmak ta sha kashi a 1864

Asabar ɗin da ta wuce na ziyarci cibiyar tarihi ta Dybbøl Banke, a gefen garin Sønderborg da ke kudancin Denmak, kuma kuɗin tikitina bai tafi a banza ba.

Kafin na je, abin da na sani bai taka kara ya karya ba. Na dai san Denmak da Jamusawa sun daɗe suna ja-in-ja kan yankunan Schleswig da Holstein da ke tsakaninsu. A can ne na fahimci yadda wutar ta tashi: a Nuwamban 1863 Sarki Christian na Tara ya sa hannu kan kundin tsarin mulkin da ya ɗaure Schleswig da Denmak, shi kuwa Bismarck, firaministan masarautar Furushiya ta Jamusawa, dama neman dalilin yaƙi yake. Ranar 1 ga Fabrairun 1864 sojojin Furushiya da Ostiriya suka tsallako cikin Schleswig.

Abin da ya fi kama ni shi ne bindigogi. Ma'aikaci sanye da kakin sojan zamanin ya nuna yadda ake ɗura ta Denmak ta baki, kamar bindigar maharbanmu, mutum na tsaye yana cusa albarushi. Ta Furushiya kuwa ta gindi ake ɗura ta, ko a kwance. Sai da na ga haka, na kuma shiga ramin ganuwar da aka sake ginawa, sannan na gane yadda aka murƙushe sojojin Denmak cikin sa'o'i kaɗan ranar 18 ga Afrilu, bayan makonni ana yi musu ruwan igwa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Talakawa ne, 'ya'yan manoma, aka jibge a laka saboda taurin kan 'yan siyasa.

Yarjejeniyar Vienna ta Oktoban shekarar ta raba Denmak da Schleswig da Holstein da Lauenburg. Bayan shekara biyu Bismarck ya juya kan Ostiriya, a 1871 aka ayyana Daular Jamus. Tudun da na tsaya a kai ma sai 1920 ya koma hannun Denmak, ta ƙuri'ar raba gardama. Nan na tuna kakana a Mubi da labarin ƙuri'arsu ta 1961, wadda ta shigar da yankinsu cikin Najeriya.

Na ji daɗin yadda ma'aikatan cibiyar ba sa zagin Jamusawa, suna kuma faɗin kuskuren shugabanninsu ƙarara. Mai niyyar zuwa ya ware aƙalla awa uku, ya riƙe rigar sanyi mai kauri, don iskar tekun nan tana ratsa ƙashi.