Yawon tsohuwar Bauchi da ƙafa: tafiya ta yi kyau, ɗan rakiya ya ɓata min rai

Saurayin nan da ke talla a Facebook cewa yana zagayawa da mutane cikin tsohon garin Bauchi da ƙafa duk Asabar, na bi shi. Ni da ƙanin matata da ya zo daga Gombe, sai wasu ɗaliban jami'a da muka tarar a wurin. Kuɗin da yake karɓa ban ga tsada a ciki ba. Ya ce a haɗu a Ƙofar Wunti ƙarfe bakwai, bai iso ba sai da rana ta fara cizo, ya sauko daga Keke Napep yana dariya yana cewa afuwan. Wannan ban riƙe shi ba.

Gaskiya yaron ya san lungu. Inda baƙo zai shiga a tare shi da "wa kake nema?", shi sai ka ji ana gaishe shi ana tambayar mutanen gidansu. Mun bi ta gaban fada da babban masallaci, ya yi bayani sama-sama, muka wuce.

Ni abin da ya fito da ni ganuwa ce. Na daɗe ina wuce ƙofofin garin nan a mota, Ran, Nassarawa, Gombe, Wunti, duk siminti da fenti, amma katangar da aka yi ƙofofin dominta ban taɓa sa ta a ido ba. Ya kuwa kai mu. Muka kutsa bayan wasu gidaje, muka tsallake kwata, sai ga tudun jar ƙasa ya fi tsayin mutum, awaki a kansa. Gefe guda an ƙwaƙule shi ana ɗibar ƙasar yaɓe, ɗaya gefen ya zama bola. Da ni kaɗai ne sai in wuce ban waiwaya ba. Nan na ce a raina kuɗina ya fita.

Sai ya buɗe baki ya ce wai wani sarkin Fulani ne ya gina ta don tare Turawa. Ɗaliban har sun fara ɗauka a waya.

Akwai wani dattijo a gindin dogon yaro yana ɗinkin hula, tabarau a kan hanci. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Kai samari, wa ya gaya maka?"

"Baba, haka muka ji."

"To kun ji ba daidai ba. Ku matso nan."

Muka tsuguna a bakin tabarmarsa muka gaishe shi. Ya ce Malam Yakubu da ya kafa garin nan ba Bafulatani ba ne, daga Gerawa ya fito. Almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, ya yi karatu a gabansa, aka ba shi tuta, kuma cikin manyan masu tutar Shehu, shi ne wanda ba Bafulatani ba. Ya fara zama a Inkil kafin ya dawo nan ya ja ganuwa. Dattijon bai yi lissafi da shekarun Bature ba, amma duk mai ɗan karatun tarihi ya san an kafa garin a 1809, Yakubu ya rasu a 1845, Turawa kuwa ba su shigo Bauchi ba sai 1902. Kusan shekara ɗari ke nan tsakani. Ina Bature ina ginin ganuwa?

Abin da ya fi burge ni shi ne da ya ajiye hular ya tashi da sandarsa ya kai mu inda aka ƙwaƙule. Ya sa bakin sandar yana nuna mana ƙasar hawa-hawa, wata ta fi wata duhu, ya ce kowane hawa aikin wata shekara ne, don damina na cin katangar, da rani kuma a fito a yi mata gyara, kowace unguwa da nata yankin. Ya ɓantaro ɗan guntu ya murje shi a tafin hannuna, na ji tsakuwa a ciki. Ya nuna wani kwari da yanzu ciyawa da leda suka cike, ya ce daga nan aka haƙo ƙasar, ramin kuma ya zama wani shingen ga mahayin doki. Katangar nan kewayenta ya haura kilomita 10, da hannu da kwando aka yi ta. Ƙanin matata, wanda tun safe yake ƙorafin ƙafa, shi ne ya dinga jero tambayoyi. Har maganar Rauta ta shigo, inda Sarki Ibrahim ɗan Yakubu ya mayar da mazaunin sarauta a 1877 kafin a dawo da shi Bauchi a zamanin Sarki Usman. Ɗan rakiyarmu ko sunan Rauta bai ambata ba duk tsawon yinin.

Mun fi rabin awa a wurin. Ban ga laifin yaron ba a kan rashin sani, tunda ya yi shiru ya saurara, kuma shi ya kawo mu. Har na ƙudura zan rubuta masa yabo.

Da za mu tashi sai ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, a ɗan haɗa wa Baba na goro, ni zan miƙa masa, ba ya son a ba shi a gaban mutane." Na ga maganar ta yi hankali. Na bayar, ƙanin matata ya bayar, ɗaliban ma suka lalubo abin da ke aljihunsu. Ya koma ya durƙusa, ya juya mana baya. Ni kuma na dawo ɗaukar gorar ruwana da na bari a bakin tabarma, idona ya faɗa kan hannun dattijon. Takarda ɗaya ce, ƙarama. Abin da ni kaɗai na bayar ya ninka ta. Bawan Allah yana ta sa albarka, yana cewa Allah ya kai mu gida lafiya.

Wallahi raina ya ɓaci. Ban yi magana a gaban dattijo ba, na dai ƙara masa da hannuna. Da muka fita lungun na ce wa yaron, "Malam, sauran fa?" Ya ce wai ai akwai mai unguwa da zai gani daga baya. Wane mai unguwa? Mutumin da ya rufa maka asiri a gaban baƙinka, ya yi maka aikin da aka biya ka, shi za ka yi wa haka? Daga nan sai makarar safen ma ta dawo min sabuwa, da ruwan sha da ya rubuta a tallarsa cewa yana cikin kuɗin amma kowa da kansa ya saya.

Mun ƙarasa a kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke wajen Ƙofar Ran. Nan kam bakinsa ya buɗe, da gani ya haddace. Ya bi da mu ta doguwar hanyar nan mai duhu da ake cewa tana nuna zamanin mulkin mallaka, aka fito haske, ga kabarin Firayim Minista a fili babu rufi a samansa, babu wani ado. Ya faɗi juyin mulkin Janairun 1966 da buɗe ginin a 1979 daidai, ya nuna mana rediyo da agogon marigayin a ɗakin adana kayansa. Sai dai wannan wuri ne da ma'aikatansa ke yi wa kowa bayani, ba sai ka biya wani ya kawo ka ba. Na so ya taɓo zaman Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da shi Ɓalewan a garin nan cikin shekarun 1940, lokacin da suke taron muhawara, ko da nuna mana unguwannin da suka zauna ne. Da na tambaya sai ya ce wannan sai a wani zagayen. Ƙofofin da ya yi alkawari ma rabi muka gani.

Ƙanin matata ya ce shi zai sake bin sa, wai ko don lungunan. Ni dai a'a. Wanda zai je ya sa takalmi mai rufi saboda kwata, ya riƙe ruwansa, kuma in za a yi wa wani dattijo alheri a hanya, ya miƙa da hannunsa.