Kafin ka biya kuɗin Photoshop saboda haɗa leya kawai

Wani ƙanena mai haɗa katin biki da fosta a Jekadafari nan Gombe ya same ni wai zai biya Photoshop, don ya ga ana ɗora hayaƙi da haske kan hoton amarya suna zama kamar da su aka ɗauka. Na ce Malam tsaya tukuna, bilendin ɗin leya ne ka gani, wato ɗora hoto kan hoto su haɗe da juna, kuma ba Photoshop kaɗai ke da shi ba.

Photoshop na da bilendin iri 27 amma wallahi uku muke taɓawa kullum. Multiply yana shanye fari ya bar baƙi, shi ya sa in ka ɗauki hoton sa hannu ko hatimi a farar takarda ka ɗora, takardar ɓacewa take ba sai ka zauna kana yanke gefe-gefe har ido ya yi ja ba. Screen kuma baƙi yake cinyewa, nan ne hayaƙi da tartsatsi ke shiga. Sai Soft Light na ƙara wa kala armashi, amma a rage ƙarfinsa don Allah, fuskar amarya ta koma ja kamar manja ba kyau.

To wace manhaja za ka ɗauka? Photoshop ba a sayar maka da shi gaba ɗaya, haya ce kake ta biya, ga shi yana son laftof mai ƙarfi. Photopea kyauta ne a burauza, yana buɗe fayil ɗin PSD, wato fayil ɗin Photoshop, matsalarsa talla da kuma sai da data zai buɗe. GIMP kyauta, ba ruwansa da netwok, sai dai kafin hannu ya saba da shi ka sha wuya. Ni wanda ya fi kwanta min Affinity ne, Canva ta saye shi a 2024 ta mayar da shi kyauta a 2025, kuma yana aiki da CMYK, wato tsarin kalar da injin firintin ke amfani da shi, don duk mai kai aiki wajen masu firintin ya san kalar da ke sheƙi a sikirin kan fito a dushe a takarda.

In waya ce kawai gare ka PicsArt ko ibis Paint X sun isa aikin sitatus, amma bana (banner) mai faɗi kar ka yi gangancin haɗa ta a waya, in aka buga hoton farfashewa yake.

Ƙanen nawa dai laftof ɗinsa tsohuwa ce, na ce ya fara da Photopea wata guda ya ga ko Multiply da Screen sun zauna masa a hannu.