Wace shinkafa za ki saya idan dangi gaba ɗaya a gidanki za su yi sallah?

Mu dai a gidanmu ni ake bar wa tukunyar sallah, daga ranar idi har washegarin hawan Daushe baki ba ya gaza arba'in, ga 'yan kai kwano gidan surukai da maƙota. To girkin mutum arba'in ba irin na ke da maigida da yara uku ba ne, shinkafar da take miki kyau a ƙaramar tukunya kina zuba ta a babbar tukunya kan itace sai ta nuna miki halinta, ƙasa ya caɓe sama da tsinke. Kuma yanzu da ƙaramar sallah take faɗowa cikin bazara, caɓaɓɓiyar shinkafa kafin la'asar ta fara yauƙi a kula.

Basmati ki bar ta wa baƙo ɗaya biyu, kuɗinta kaɗai ya isa ya hana ki barci. 'Yar waje kuwa tunda aka rufe boda a 2019 ni ban ƙara yarda da duk buhun da aka ce min daga Tailan yake ba, zan dawo kan wannan. Ta kamfani irin su Umza da Labana da Big Bull ba laifi, a wanke take babu tsakuwa, in ba ki da masu taya ki aiki ita za ki ɗauka ki huta.

Amma ni 'yar Hausa nake saya, ta wajen Kura, jamila mai dogon ƙwaya, kuma tsohuwa wadda ta kwana biyu a ajiye ta bushe sosai. Wallahi aukinta daban ne, tana shan ruwa tana tashi ta yi warawara, ga gardi ga ƙanshin gumin nan da ko da mai da yaji kika ci sai kin ƙara. Dafa-duka kuma tana kama kayan miya har cikin ƙwayar, ba irin wadda za ki ga ja a waje ciki salam ba. Masu cewa tsakuwa, eh da can haka ne, sai an zauna da ƙwarya ana regewa har baya ya ƙage, amma yanzu akwai injin cire tsakuwa, ki ce a ba ki wadda aka cire wa, ɗan ƙarin kuɗi ne kaɗan. Duk da haka ina sa yara su rege sau ɗaya, haƙorin suruka ba abin wasa ba ne. Sabuwa dai kar ki kuskura, tana da danshi, ga saurin caɓewa. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza, in ta ce ƙas ta bushe, in ta lotse ki wuce gaba. Ta waina da tuwo kuma daban ce, fara wadda ba a yi wa gumi ba, kar a haɗa miki su.

Yanzu maganar cuta. Wata sallah na biya kuɗin 'yar waje cif, buhu mai kyau da hoto, ashe ƙaramar shinkafa aka ɗura aka sake ɗinke baki. Sama kamar kwano biyu mai kyau, ƙasa duk gutsattsari da wari irin na rima. Ranar dafa-dukata ta zama kamar fate, ƙanwar maigida tana ta tambaya wai ko sabon salon girki ne, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Saboda haka ki duba ɗinkin bakin buhu, in kika ga tsofaffin hujin allura a gefen sabon zare an taɓa buɗe shi. Ki sa a soka buhun daga ƙasa da tsakiya ki ga abin da zai fito, kar ki yarda da samfurin da ke cikin faranti a gaban shago. Ki sa a ɗora a sikeli a gabanki, an rubuta kilo 50 amma wani an tsiyaye kwano guda ko biyu. In awo za ki yi ki tafi da kwanonki daga gida, don akwai kwanon da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai kuma mai awon da hannunsa ya fi idonki sauri. Wasu har mai suke ɗan shafa mata ta yi sheƙi, ki murza a tafin hannu ki shinshina.

Kuma don Allah kar ki bari sai jajibere, lokacin kasuwa ta cika kowa na sauri ba mai sauraron ƙorafinki. Tun azumi na goma sha ki sayi kwano ɗaya ki dafa da sahur ki gani, in ta yi miki sai ki koma wajen mutumin ki ce daga wancan buhun dai za a auna miki, kina tsaye.