Na'urar auna oksijin ta yatsa: amfaninta ga wanda korona ta bari da jinya

Mutane da yawa da korona ta bari da gajiya, haki da bugun zuciya sun sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. A ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Oktoban 2021, wannan larura, da ake kira doguwar korona, ita ce alamun da ke nan wata uku bayan kamuwa, suka kuma ɗauki aƙalla wata biyu. Na'urar ta cancanci saye, sai dai ba don abin da galibi ake sayenta ba.

Tana haska jan haske da wani hasken da ido ba ya gani ta cikin yatsa, ta nuna lamba biyu: oksijin na jini da bugun zuciya a minti ɗaya. A mai lafiya oksijin kan tsaya tsakanin 95 da 100. In ya sauka 92 ko ƙasa, kuma an sake aunawa bai tashi ba, asibiti za a nufa nan take.

Matsalarta ta farko ita ce yawancin masu wannan jinya suna haki ne alhali lambar na nuna 97 ko 98. Wannan ba ya nufin hakin ƙarya ne, domin sau da yawa yanayin jan numfashin ne ya rikice ko zuciya ke gudu, ba iskar ce ta yi ƙaranci ba.

Ta biyu ta fi tayar da hankali. Na'urar kan ƙara wa mai duhun fata lamba. Binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya gano cewa ƙarancin oksijin da na'urar ta kasa ganowa ya ninka kusan sau uku a baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. Don haka mai ciwon ƙirji ko wanda numfashinsa ke tsananta kada ya bari 95 ta zaunar da shi a gida.

Inda ta yi zarra shi ne bugun zuciya. A kwanta minti goma a rubuta lambar, sannan a miƙe a jingina da bango, wani na tsaye kusa saboda jiri, ana rubutawa kowane minti biyu har minti goma. Idan bugun ya ƙaru da 30 ko fiye ya kuma ƙi sauka, tare da jiri, ana zargin larurar POTS, wato gudun zuciya idan an miƙe tsaye, wadda ake yawan gani bayan korona. Likita ne zai tabbatar, amma rubutun kwana bakwai zai taimaka masa fiye da bayanin baki. Haka nan tana nuna aikin da ke cin ƙarfin mutum, ko da wanka ne ko hawa bene, kafin gajiyar ta kayar da shi washegari.

Sanyin hannu, jan farce, motsi da hasken rana mai ƙarfi duk suna ɓata awo. A ɗumama hannu, a huta minti biyar, a ɗora shi kan ƙirji, a sa yatsan tsakiya, a jira lambar ta tsaya cik kafin a rubuta. Wajen saye a nemi mai nuna igiyar bugun jini a fuskarta, wato layin da ke hawa da sauka da kowane bugu, domin idan igiyar na tsalle ba tsari, lambar ba abin dogaro ba ce. A guji waɗanda aka rubuta wa cewa na 'yan wasanni ne kawai, kuma a canja batir da zarar hasken ya fara dusashewa.