Kwayar tazarar haihuwa mai guda 28: yadda ta yi min da al'ada

'Yan uwa mata, masu tambaya kan kwayar filanin din nan mai guda 28 a kati, ga abin da na gani. Sunayenta da yawa a kemis, akwai Microgynon, akwai Levofem, akwai Combination 3, amma in kin juya bayan kwalin za ki ga sinadaran iri daya ne, levonorgestrel da ethinylestradiol. Guda 21 na farko su ne maganin, sauran 7 masu ruwan kasa din nan babu maganin hana daukar ciki a cikinsu, sinadarin karin jini ne kawai aka sa don kada hannunki ya saba da tsallake rana.

Ni dai ta wajen al'ada ta yi min, gaskiya. Da can in jini ya zo sai na hada da tsumma saboda audugar mata kadai ba ta rikewa, ga ciwon mara har sai na dora robar ruwan zafi na kwanta. Yanzu ina shiga masu ruwan kasan, kwana biyu ko uku sai ga shi, dan kadan, ciwon ma da sauki sosai, kuma na san lokacin zuwansa ba sai ya ba ni mamaki a gidan biki ba. Nas din da ta ba ni ce ta warware min dalili, wai kwayar tana hana kwan haihuwa fita ne, kuma ba ta barin bangon mahaifa ya yi kauri, to jinin da ake gani a satin nan saboda an dauke wa jiki maganin ne na 'yan kwanaki, abin da zai zubo dama ba shi da yawa. Masu cewa jinin taruwa yake a ciki har ya zama kari, wallahi ba haka ba ne, babu abin da ya taru balle ya makale.

Inda na rage mata maki shi ne watannin farko. Digon jini a tsakiyar wata, yau ki ga dan ja a kamfai gobe baki-baki jibi shiru, kin yi wanka kin fara sallah sai kuma ya leko, kina ta wasi-wasi haila ce ko istihala ce, maigida kuma yana ta tambaya wai har yanzu ba ki yi tsarki ba. Wannan ba laifin wani kamfani ba ne, duk kwayoyin haka suke yi wa mata da yawa a wata 3 na farko kafin jiki ya saba, nawa ma ya dauke da kansa. Maganar hukuncin sallah da azumi kuwa ki kai wa malamarku ta islamiyya, amma ki rika rubuta ranakun a waya, don abin da za ta fara tambayarki kenan. Kuma da so samu ne kada mace ta fara ana gobe azumi.

Sannan ba ta son mantuwa ko kadan. Ki tsallake kwana daya ko biyu sai digon ya dawo, kariyar ma tana iya yin rauni. Ni tawa a gefen sallaya take, ina idar da isha'i na hadiye. Tashin zuciya ma ya fi sauki in da dare aka sha bayan an ci abinci.

Don Allah kada ki saya kawai don ta karbi kawarki. Ki bari a auna miki jini tukuna, saboda mai hawan jini, da wadda jini ya taba daskare mata a jijiya, da mai ciwon kan nan na bari daya da ke zuwa da walkiya a ido, da mai shan taba da ta haura 35, duk ba tasu ba ce. Mai shayar da jariri kasa da wata 6 ma akwai tata daban irin su Microlut, ita kuma ta fi rikita al'ada, kuma in kin makara da fiye da awa 3 an samu matsala. Mai shan maganin tarin fuka na rifampicin ko wasu magungunan farfadiya ta fada wa nas, suna rage mata karfi.

In jinin ya yi yawa ko digon ya wuce wata 3 bai tsaya ba, ko kafa daya ta kumbura tana ciwo, ko kirji ya rike, asibiti za ki nufa ba kemis ba. Ni na ba ta 4 cikin 5, kuma na fi sonta a kan allura, tunda ita duk ranar da kika ajiye ba a dadewa jiki yake komawa yadda yake, allurar wata 3 kuwa sai a yi watanni ana jira.