Na biya an gyara min rubutun Chevening: abin da na gani

Tunda mutane suna ta tambayata a inbos ko ya dace mutum ya biya kuɗi a taimaka masa da rubutun neman sikolashif, bari na faɗi abin da ya faru da ni kawai, kowa ya auna. Waje biyu na kai kuɗina, ba zan kama sunan kowa ba.

Ni malamin gona ne, aikina yana wajen Kura da Kadawa, kuma Chevening na nema, wato tallafin gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu na shekara ɗaya. Wanda bai taɓa buɗe fom ɗin ba, tambayoyi huɗu ne ake so ka yi rubutu a kai: shugabanci, yadda kake ƙulla hulɗa da mutane, dalilin zaɓen kwasa-kwasan da ka zaɓa (uku ake zaɓa), sai kuma abin da za ka yi in ka dawo, don dole ne ka dawo gida aƙalla shekara biyu. Ga sharaɗin sai ka yi aiki na awa 2,800 kafin ka nema. Awannin ban da matsala da su, rubutun ne ya tsaya min a wuya.

Shekarar farko wani mai kafe na kai wa, an ce min shi ne gwani. Kwana biyu ya turo min duka huɗun, Turanci kamar ruwa, wlh har na ji kaina ya yi girma. Sai da na nuna wa wani abokina da shi ma ya je wajensa muka ga sakin layin farko iri ɗaya ne sak, wai tun ina yaro nake da burin kawo canji a al'ummata, nawa an sa noma nasa an sa lafiya, shikenan bambancin. Kuma Chevening suna binciken satar rubutu, ba wasa suke ba. Ko intabiyu ban kai ba. Wannan kam sifili na ba shi.

Shekara ta biyu aka haɗa ni da wata baiwar Allah da ita ma ta yi karatu a Ingila da irin wannan tallafin, a WhatsApp take aikin. Kuɗinta ya ninka na mai kafe, kuma tun kafin na tura ta ce, Malam ka sani ni ba na rubuta wa kowa, kai za ka rubuta ni in yi ta dawo maka da shi. Na ce Hajiya to me zan biya kenan? Ta yi dariya ta ce ka biya ka gani.

Zaman farko kusan awa ɗaya muna waya ba ta ce in rubuta komai ba, tambaya kawai take. Na fara kawo mata cewa na yi shugaban ƙungiyar ɗalibai ta sashenmu a jami'a, ta ce me ka yi a kujerar? Na yi shiru, don gaskiya ban da raba takardar taro ba abin da na yi. Can cikin hira na ambaci lokacin da tsutsar tumatir ɗin nan da manoma ke kira sharon ta dawo mana, wadda ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016, yadda manoma suka dinga antaya magani iri ɗaya safe da yamma ba ya ci, ni kuma na bi mai unguwa da limami aka tara su bayan Juma'a, muka ɗauki gonar wani dattijo muka gwada tarko da sauya magani don kowa ya gani da idonsa. Sai ta katse ni ta ce tsaya, wannan shi ne rubutunka, me ya sa ka ɓoye shi kana kawo min shugaban ɗalibai? Ni a tunanina wannan ai aiki ne kawai, ba abin da za a gaya wa Turawa ba.

Daga nan aka shiga wahala. Sau biyar ta dawo min da na shugabanci kaɗai. Duk inda na rubuta "mun yi" sai ta ja layi ta ce kai me ka yi? Wannan ya min nauyi sosai, mu da aka rene mu a kan yabon kai jahilci, mutum ya zauna yana cewa ni na yi, ni na kawo, kunya ce. Ta ce ba yabo ba ne, shaida ce kake bayarwa, in ka ƙi faɗa ba mai faɗa maka. Tsarin da ta ɗora ni a kai: wane hali ake ciki, me ya rataya a wuyanka, wane mataki ka ɗauka, me ya fito. Kuma ba ta yarda da "manoma da yawa" ba, sai na koma littafin aikina na ƙirgo su. Manyan kalmomin da na kwaso don burgewa duk ta share, ta ce ranar intabiyu bakinka zai tona maka asiri in rubutun ya fi ka iya Turanci.

Inda ta gaza kuma zan faɗa. Ba ta da lokaci, mutane sun mata yawa, wani lokacin kwana huɗu ba amsa sai ƙarfe ɗayan dare ka ga saƙon murya na minti tara, ga ranar rufewa tana matsowa hankalinka a tashe. Sannan harkar noma ba fanninta ba ne, a rubutun zaɓen kwas kusan ba ta ƙara min komai ba, ni na zauna na tono cewa jami'ar Reading sun yi suna a noma, jami'ar Greenwich kuma suna da cibiyar da ke aiki kan asarar amfanin gona bayan girbi, wanda duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin titin Zariya ya san me ya sa ya ja ni. Gwajin intabiyu ma sai ka ƙara kuɗi, ba ta faɗa min tun farko ba, wannan bai min daɗi ba.

Sakamako? An kira ni intabiyu a Abuja, ban samu ba a ƙarshe, Allah bai yi ba. Amma a ɗakin nan duk abin da suka tambaya daga rubutuna na amsa ba tare da na tuno haddar komai ba. In maki ne zan ba ta bakwai cikin goma, ukun na cire saboda jan lokaci da kuɗin da ya ɓullo daga baya. Bana zan sake nema, rubutu uku na gyara da kaina, na tsarin aiki bayan dawowa kawai zan mayar mata, kuma tun Agusta zan tura kafin layi ya yi tsawo.